Yadda Za Ka Ci Zaɓe Da Takalmin Fata

Malam baduku na Shiyar Madunka a Sakkwato, albishirinka. Akwai wani dandali a intanet mai suna Reddit, wanda wasu samari biyu 'yan Amurka, Steve Huffman da Alexis Ohanian, suka kafa a 2005. Kowa ya kawo labarinsa, jama'a su jefa ƙuri'a. Kibiya mai kallon sama ta ɗaga ka, mai kallon ƙasa ta binne ka. Wanda ya fi ƙuri'a shi ke hawa can ƙoli, duniya ta gan shi, ta biyo sawunsa har shago. Mu da muka ga zaɓe iri-iri a ƙasar nan, ai wannan ba zai gagare mu ba.

Ka san dai ba a shiga takara da ƙuri'a ɗaya. Tara dangi. Ƙannenka, yaran shago, har ɗan ƙanwarka da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kowa ya buɗe suna biyar-biyar. In zuciyarka ta fara yi maka wa'azi, tuna mata cewa masu dandalin ma sun faɗa da bakinsu: da suka buɗe ba kowa a ciki, sai suka ƙirƙiri sunayen bogi suna zuba labarai don a zaci wuri ya cika. Da suka yi ƙarfi kuma suka haramta maguɗi, kamar yadda aka saba. Saboda haka idan na'urarsu ta ga mutum arba'in sun ƙaunaci takalmi guda cikin minti biyu, kuma duk daga waya ɗaya a Runjin Sambo, za ta rufe ku baki ɗaya, kuma babu kotun sauraron ƙarar zaɓe.

To, sai a bi ta lallami. Mutanen can sun tsani talla. Kada ka kuskura ka rubuta "kaya masu kyau, farashi mai rahusa." Dandalin zauruka ne dubbai, kowane da masu unguwarsa, kuma ba a biyansu ko sisi. Ka ji tsoron mai mulkin da ba shi da albashi, domin korar mutane ita ce ladansa. Akwai tsohuwar shawara a wurin cewa cikin abu goma da za ka saka, ɗaya kacal ya zama naka. Ma'ana, sau tara za ka yaba kyanwar wani Bature, ka yi wa karensa barka da samun sauƙi, ka tofa albarkacin bakinka kan ƙwallon Ingila, kafin a yarda ka nuna jaka ɗaya. Wata uku kana wannan hidima, data tana ƙonewa, uwargida tana tambayar ko sabuwar budurwa aka yi.

Ranar da lokaci ya yi, kada ka sayar da takalmi, labari za ka sayar. Kuma kana da shi, ba sai ka ƙaga ba. Ka ba su tarihin jar akuyar Sakkwato: yadda majema ke jeme fatarta da bagaruwa, yadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita a kan raƙuma zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, aka lulluɓe manyan littattafai da ita, aka raɗa mata suna fatar Maroko. Mu da akuya, mu da wahala, wasu da suna. Irin wannan labari Bature ke so, na wanda aka ƙwara tun da daɗewa, musamman in babu diyyar da za a nema a hannunsa. Sa hoton hannunka riƙe da basilla, ka bar datti a farce. A ƙarshe ka ce kakanka ne ya koya maka, kuma kai ba sayarwa kake yi ba. Nan take za su fara roƙon ka sayar.

Kula da agogo kuma. Muna gaban New York da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara, don haka sanda suke buɗe ido, mu azahar ta yi. Idan watan Afrilu ne, zafi ya wuce digiri 40, wayarka ta ɗau zafi, caji ya kusa ƙarewa. Nemi randa ka ɗora ta a gefe.

In Allah ya taimake ka, ƙuri'u za su zubo. Dubu biyar, dubu goma. Wani zai ce ya yi hawaye. Wani zai yi maka gyaran Turanci. Wani zai rantse hoton na kwamfuta ne. Mutum uku za su tambayi farashi, biyu su ɓace da jin kuɗin aikawa zuwa Texas ya ninka na takalmin, na ukun ya ce zai dawo. Ƙuri'un kuwa, kai su Kasuwar Kara ka gani ko za a ba ka ɗan akuya da su.

Kada ka kuma sakankance da kujerarka. Kafin Reddit ya yi tashe akwai Digg, da aka buɗe a 2004, inda wasu 'yan tsiraru suka ƙware wajen kai labari shafin gaba, kamfanoni na bin su da fadanci. A 2010 masu shi suka sauya fasalinsa, jama'a suka yi fushi suka kwashe zuwa Reddit, a 2012 aka sayar da sunan da abin da ya rage a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai wuce dala 500,000 ba.

Sannan ka ajiye yaro mai kaifin ido a bakin shago. Yayin da kake sunkuye kana ƙirga kibau, wani Alhaji daga Illela zai tsaya ya yi sallama sau uku, ya ce, "Wanga bawan Allah mi ya same shi?" Sai ya matsa shagon maƙwabcinka, wanda wayarsa ko hoto ba ta ɗauka, ya sayi ƙafa ashirin kuɗi hannu.