Zango Ɗaya a Alƙahira, Kowa da Halinsa

Jirgi ɗaya ke sauke sababbin ɗalibai a Alƙahira wajen watan Satumba, kowa da sabuwar shadda. Kafin jarrabawar Janairu garin ya gama ware kowa gefensa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam Mai Fusha, wato mai Larabcin littafi. Tun a gida ya haddace Alfiyyar Ibn Malik, ya taho da yaƙinin cewa Larabci ba zai ba shi kunya a ƙasar Larabawa ba. Ranar farko ya tare ƙaramar bas a Abbasiyya, ya gyara murya, ya tambayi direba hanyar Azhar da cikakken i'irabi, ko wasali ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Direba ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya ce masa amin, ya ja motarsa. Wata uku Malam na gyara wa mai sayar da burodi nahawu, mai burodi na ƙara masa kuɗi.

Akwai kuma wanda gangar jikinsa kawai ta zo, cikinsa na Kano. Jakarsa kuka ce da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Ɗakinsa a Hayyul Ashir ya fi ofishin jakadanci cika, kuma abin mamaki, kowa sai ana kwashe tuwo yake tuna zumunci. Koshari? Cewa ya yi wanda ya haɗa shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya bai shawarci kowa ba. Ranar da daddawa ta ƙare, masu sallama suka ragu, aka gan shi a layin mai ful, ya ja hula har gira.

Kishiyarsa shi ne Bamisiren dare ɗaya. Mako uku da zuwa ya koma kiran kowa "ya basha", yana kwana a shagon shayi, jijiyar wuya a tashe kan Ahly da Zamalek, alhali a gida ko ƙwallon unguwa bai taɓa tsayawa kallo ba.

Mai lissafin canji ba ya sayen ko ƙwai sai ya mayar da fam zuwa dala, dala zuwa naira, ya yi salati. A watan Maris na 2024, da Masar ta saki kuɗinta dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini ɗaya, an ga murmushinsa na farko. Bai kai mako ba ya duba farashin naira, ya mayar da fuskarsa yadda take.

Labarin mai hoto gajere ne. Iyayensa sun ɗauka a gindin dalar Giza ake ba da darasi. Ya hau raƙumi da araha, sai da ya nemi sauka ya ji ainihin farashi.

Amma duk cikinsu babu kamar Dattijon Bu'us. A Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙetare na Azhar, ka tarar da shi, a nan za ka bar shi. Ba wanda ya san ajinsa, tambaya kuma rashin kunya ce. Ya san tagar da ake miƙa fasfo don iƙama, wato izinin zama, ya san ma'aikacin da in ya ce gobe yana nufin bayan Sallah. Shi ya gargaɗi sababbi su sayi bargo tun Nuwamba, suka yi dariya wai hamada suka zo, har sanyin Janairu ya shigo ɗakin siminti suka dawo suna "Yaya, ina ake sayarwa?" Ka tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce saura kaɗan, ya zuba maka shayi.

Mai littattafai sai ranar tafiya ake gane girman laifinsa. Ya share shagunan bayan masallacin Azhar, ya ƙarasa kuɗin guzuri a baje kolin littattafai na ƙarshen Janairu. A filin jirgi sikeli ya ce kilo 23, Fathul Bari kaɗai ya ce bai san zancen ba. Ga shi can sanye da riguna huɗu, gumi na zuba, yana bin 'yan'uwa a layi: "Don Allah ɗan'uwa, riƙe min juzu'i na bakwai zuwa Kano."