Yadda Ake Gaida Hajiya Mota

Ranar da Alhaji ya shigo da mota gida, unguwa takan ɗauka. A yi addu'a, a raba dabino da alawa, yara su yi ta leƙen fuskarsu a madubi. Ledar kujera kuwa sai ta shekara ba a cire ba. Kullum da safe almajiri zai wanke ta har ta riƙa ƙyalli, a fesa turare, a ajiye kwalin tishu a baya. Duk wannan kwalliya ce, kuma tana da kyau. Amma ka tambayi Alhaji yaushe rabonsa da ya ɗaga bonet, sai ka ga yana laluben inda ake jan marfin.

Mota kamar dattijuwar gida take. Tana da kawaici, ba ta yawan ƙorafi, amma tana son gaisuwa. Idan aka daɗe ba a tambayi lafiyarta ba, ba za ta yi faɗa a gida ba. Sai ta bari an kai Kwanar Dangora da tsakar rana, ga iyali a ciki, ga surukai na jira a Zariya, sannan ta nemi gefen titi ta zauna. Don haka ga ladubban gaishe ta, kuma duka ba su kai tsawon shan shayi kofi ɗaya ba.

Da farko ka zagaye ta da ƙafa kafin ka shiga. Ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashinta, ko da babbar riga ce a jikinka. Akuyar maƙwabta ta ɗauki inuwar motarka a matsayin gadonta, mage kuma a lokacin hunturu takan shige cikin inji don ɗumi, don haka ka ɗan bubbuga bonet ta fita da mutuncinta. Mafi muhimmanci shi ne yaro. Ɗan shekara 2 da ya tsugunna a bayan mota ba madubin da zai nuna maka shi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin zagayen. Kana nan sunkuye, ka karanta wasiƙar da ta rubuta maka a ƙasa cikin dare. Ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa, baƙin mai ne. Ja mai santsi, galibi man giya ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda, ruwan lagireto ne. Idan ruwa ne garau a ɓangaren fasinja bayan an kunna esi, gumi ne kawai, ka bar ta ta sarara.

Sai tambayar ƙafa. A nan zan ɗan daɗe, domin duk nauyin motar da mutanen cikinta yana kan wurare huɗu ne, kowane bai fi faɗin tafin hannu ba. Mutanenmu suna da wata na'urar auna iska da suka gada, wato ɗan yatsan ƙafa. A daki taya sau biyu, a gyaɗa kai, a ce lafiya lau. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, to ƙafa ba ta san kimar iska ba. Tayar zamani takan rasa iska mai yawa tana nan tsaye kamar ba komai. Ka sayi ɗan geji naka, ba shi da tsada, ka ajiye a aljihun mota. Yawan iskar da motarka ke so yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne zuwa 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan mai faci ya ce, "Alhaji, bari in sa maka 50 don ta yi gudu," ka gode masa, ka ce Hajiya ba ta son takalmi mai matsewa. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ya cinye, mota ta riƙa tsalle. Iska ta yi kaɗan, gefe ya cinye, taya ta yi zafi har ta iya fashewa, ga shan fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba na jin akwai magidancin da ke da fetur ɗin kyautarwa ga kwalta.

Taya kuma tana da ranar haihuwa, ba ta ɓoye shekarunta. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara idan ta kai shekara 5 ana aiki da ita, kuma kada ta wuce 10 ko da zanenta na nan. Wannan lissafi ne na duniya gaba ɗaya, kwaltar Sakkwato a watan Afrilu kuwa tana tsufar da roba da wuri. Tayar gwanjo da aka shafa wa baƙin fenti takan fito kamar amarya, alhali ta yi jika a Beljiyam. Ka duba shekarunta, ka duba tsagewa a gefe, ka duba ƙari. Taya mai ƙari a gefe ba ta gyaruwa, sai ritaya. A cikin ramin zanen akwai wasu 'yan tudu da aka yi don aune. Idan zane ya cinye ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, ta gama aiki.

Yanzu a ɗaga bonet. Mota ta kasance a wuri mai daidai, inji a kashe ya ɗan huta. Ka zaro sandar gwajin baƙin mai, ka goge da tsumma, ba da gefen zanen uwargida ba, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Idan ya yi ƙasa, a ƙara. Idan aka cika ya wuce, shi ma illa ne, domin ƙoshi ya yi yawa. Idan ka ga launinsa ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, ka kira makanike tun kafin ka tayar.

Juye kuwa ba a jiran sai mai ya koma kamar kwalta. Littafin mota ne ke da hukunci, amma a irin ƙurarmu da cunkoson Kano, wanda ya riƙe kilomita 5,000 ko wata 6 da man gama-gari bai yi asara ba, kuma a canza filta tare da shi. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya jira agogo ya ƙara 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000. Haka allurar gudu: idan ta nuna 80, kana kusan 130 ne, alhali iyakar ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen hannu a Nijeriya 100 ce. Sannan kaurin mai. A marfin da ake zuba shi sau da yawa an rubuta irin wanda injin ke so, kamar 5W-30. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta saba da mai kauri, ta kuma yi wa ƙasar nan hidima da shi. Jikanyarta ta yau hanyoyin cikinta sirara ne, idan ka ɗura mata 20W-50 kamar ka ba jariri tuwon dawa ne.

Lagireto yana da doka ɗaya da ba wasa a cikinta: ba a buɗe shi da zafi. Ruwan ciki ya wuce tafasa kuma a matse yake, zai iya sale fuska da ƙirji. A duba shi da safe a jikin farar robar da ke gefe. Kuma a ba shi ruwansa na musamman, mai launi. Ruwan rijiya da fiya wata suna kashe ƙishin mutum, amma a cikin inji tsatsa suke bari da dasashi. Idan allurar zafi ta haura a hanya, ka tsaya, ka kashe, ka nemi inuwa ka sayi rake. Minti 30 na haƙuri ya fi arha a kan gaskit da ya ƙone. Wani makaniken zai ce a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Kada ka yarda. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90, shi kuma wannan ɗan ƙarfen shi ke kai shi can da wuri ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, inji ya daɗe a sanyaye, ya sha mai, ya ci kansa.

Birki ina roƙon a ba shi girmansa. Kafin ka fita daga layinku ka taka shi. Idan ya nutse kamar an taka burodin Agege, ko mota ta ja gefe guda, ko ka ji ƙara kamar ana wasa wuƙa, yau ba ranar tafiya ba ce. Man birki idan yana raguwa, ko fad ya cinye ko akwai yoyo, kuma ƙara mai ba ya toshe yoyo. Man yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi wajen duk shekara 2, da irin wanda aka rubuta a marfi, DOT 3 ko DOT 4. Duk wanda ya ba ka shawarar zuba ruwan omo a ciki, ka yi masa addu'ar shiriya, kada kuma ka shiga motarsa.

Hajiya tana magana da fitilu ma. Ja na nufin tsaya, ruwan ɗorawa na nufin a je asibiti nan kusa. Idan ɗan hoton buta ya kama da ja kana tafiya, ba alwala take tuna maka ba, ƙarfin baƙin mai ne ya faɗi, kuma 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Ka kashe nan take. Akwai masu manna baƙin salatif a kan fitilar, akwai masu ƙara sautin rediyo idan sun ji baƙon ƙara. Wa'azi da labarai duka suna da amfani, amma ba su taɓa ɗaure ƙusar da ta kwance ba.

Sauran a taƙaice. Hunturu na cika matatar iska da ƙura, a ciro ta a kakkaɓe, idan ta toshe a canza. Kafin damina a sabunta waifa, domin rana ta riga ta soya robar. Kan batir idan ya yi farin gari, ruwan ɗumi da tsohon buroshi sun isa, kuma kada a bari wani ya cire kan batir inji na aiki don gwajin caji, kwamfutar motar zamani ba ta yafe wannan. Da daddare ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina, ya faɗa maka wacce ta mutu. Zai ji daɗin muƙamin. Fetur kuma kada ya riƙa kwana a ja, don famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi.

Makanike a riƙe guda ɗaya, kamar yadda ake riƙe wanzamin gida. Ka je masa da bayani. Na san magidanta masu kwarjini da ke tsayawa a gareji suna cewa, "Injiniya, idan na sha kwana sai ta ce ƙwas-ƙwas-ƙwas, idan na taka rami ta ce gwaram." Shi kuma ya ce, "Yallaɓai, sake yi in ji." Wannan kwaikwayo yana taimakawa ƙwarai, amma ɗaukar ƙarar a waya ya fi kare girma. Idan za a sayi kaya a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna, ka tafi da tsohon don a gwada, ka kuma karɓi wanda aka cire. Ka tambaye shi ko injinka bel yake amfani da shi a taimin ko sarƙa. Idan bel ne, yana da wa'adinsa a littafi, ba ya kuma sallama kafin ya tsinke, a injuna da yawa sai ya tafi da bawul. Ka ajiye ɗan littafi na naira kaɗan, duk abin da aka yi ka rubuta kwanan wata da lambar agogo. Ƙwaƙwalwa takan ce "ai kwanan nan aka yi juye," littafi ya ce tun kafin azumi.

Sai but. Jami'an Road Safety, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, za su tambaye ka abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, ka ajiye su don kanka kafin don su. Ka haɗa da jak, da sifanar taya da ka tabbatar ta yi daidai da notinka, da tocila. Can ƙasa kuma akwai safaya, baiwar Allah da ke zaune a duhu shekara da shekaru ba mai leƙa ta. Ita ma iska na fita daga cikinta a hankali. Mako guda kafin tafiyar Sallah, tun ba a loda buhun shinkafa da akwatunan yara a kanta ba, ka ɗaga kafet ka sa mata geji.