Ranar da Hulata Ta Tafi Haɗeja

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini. Yaron yana karatu a Gent, can ƙasar Beljiyam, da ya zo hutu sai ya kawo mini tsaraba: cakulan da ta narke a hanya, da wani littafi mai kauri a kan ƙauyen da yake haya a cikinsa, a yankin Filandas. Ko harafi ban iya karantawa ba, yarensu irin na mutanen Holan ne, amma na ga taswira, na ga hoton kowace coci da kowane rafi. Ya ce mutanen garin kaf ba za su cika kusurwa ɗaya ta kasuwar Wudil ba. Nan fa kishi ya turnuƙe ni. Ƙauye kamar tafin hannu yana da littafi, mu 'yan ƙaramar hukumar Wudil da aka ƙirga mu 185,189 a ƙidayar 2006 sai labarin baka?

Na buga ƙirji na ce, "Kai yaro, littafin Wudil ga shi zaune a gabanka." Shekara goma sha huɗu ina Sabon Garin Wudil, ai na isa. Tsakanina da kai mai karatu, a shekarun nan hanya uku na sani: ta makarantar da nake koyarwa, ta tasha, sai ta teburin mai shayi.

Ranar Juma'a da sassafe na saka farar shadda, na kafa hula zanna da nake ajiyewa don Sallah. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ɗaurin aure za ka?" Na ce, "Bincike." Ta ce Allah ya tsare, da wata murya da ban so ba.

Da farko abin ya tafi daidai. A cikin adaidaita na zuba wa yaron tarihin Makaman Kano da Fulanin Jobawa, yadda Wudil take ƙasar Makama. Na kawo jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara karatu a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, na ƙara da makarantar horar da manyan 'yan sanda. Yaro yana rubutawa a waya, kaina yana ƙara girma. Sai na ce bari in lissafa masa mazaɓunmu goma: Wudil, Utai, Darki, Lajawa, Indabo, Kausani, Achika, Dagumawa, Ɗankaza. Tara. Na sake ƙirgawa da yatsu, tara. Na fara cewa wataƙila gwamnati ta soke ɗaya, sai direban ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Malam, Sabon Gari fa? Inda na ɗauko ku."

Na ce gwada shi nake yi.

A kara ban daɗe ba. Tireloli na lodin shanu zuwa Kudu, na tsaya ina yaba wata saniya da cewa za ta yi nono, dillali ya sunkuya ya leƙa ya ce ai wannan sa ne. Muka wuce bakin kogi, inda na tanadi babban darasi.

Ƙarƙashin gada masu tifa na ɗibar yashi, mata na soya kifi, wani dattijo masunci yana ɗinkin koma a gindin kwalekwalensa. Na gyara tsayuwa yadda kowa zai ji, na ce, "Wannan shi ne Kogin Haɗeja. Daga Haɗeja yake tasowa, shi ya sa aka sa masa sunan, ya bi ta nan ya shayar da birnin Kano." Har da nuni da hannu. Dattijon ya ajiye koma a hankali ya ce, "Malam, gafarta, ruwan daga Kano yake zuwa." Ya yi bayani kamar mai koya wa jika alwala: Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya yi gabas, ya bi ta Ringim da Haɗeja da fadamun Nguru, ya faɗa Kogin Yobe, ƙarshensa Tabkin Chadi. Da mai hankali ne ni, da na ce na gode Baba. Amma ɗan ƙanwata yana kallo, masu kifi sun daina juya kifi. Na ce iska ce ke kaɗa saman ruwan tana ruɗar ido, ƙasansa yamma yake yi, kuma zan nuna. Na ƙara da cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ruwan nan ba ya wuce gwiwa da rani. Shekarar kam na faɗa daidai. Na cire takalmi, na naɗe wando, na tattara shadda a hammata, na shiga. Taku ɗaya, idon sawu. Taku biyu, ƙwauri. Na juyo in yi wa jama'a murmushin nasara, na ji Baba yana cewa, "Malam, akwai ramin 'yan ya…" Sauran maganar a ƙarƙashin ruwa na ji ta.

Yara biyu masu ɗibar yashi ne suka ciro ni, ɗaya ya riƙe wuyan riga, ɗaya ya riƙe inda ba zan rubuta ba. Ina tari, ina fitar da yashi ta hanci, shaddar ta koma kalar kunun kanwa. Abin da ya fi ciwo, babu wanda ya yi dariya. Kowa "sannu Malam" yake yi, da ladabi, kafaɗunsu suna rawa.

Na shafa kai na ji wayam. Can na hango zanna tana tafe a kan ruwa, a nitse, tana juyi kamar amarya, ta doshi gabas.

Ɗan ƙanwata ya matso da wayarsa ya ce, "Kawu, in rubuta Kano ta nufa?"

Baba ya ɗauki komarsa ya ce in ina da ɗan'uwa a Haɗeja in buga masa waya, ya fara jira a bakin ruwa wajen jibi.