Mu Ma Muna da Tsibiri

Jihar Jigawa ba ta da teku. Ɗan firamare ya san haka, ni ma na sani, amma ranar da ƙanin matata ya dawo daga Zanzibar sai da na nemi yin musu a kai.

Gaisuwa ya zo da tsarabar kanumfari, ya zauna a falo ya zaro waya. Ga shi a mota yana zagaya tsibiri, ga bishiyoyin kwakwa, ga ƙauyukan masunta, ga Tekun Indiya har iya ganin ido. Yara suka yi masa rumfa, uwargida kuwa sai zuba "Masha Allah" take yi, irin wadda ban samu ba ko ranar da na sayo mata firji. Ƙanin mata abokin wasa ne, don haka da ya gama sai ya dube ni ya ce, "Yaya, kai fa? Ban da Kwanar Dangora ina ka taɓa zuwa?"

Nan take na hau. Na ce abin kunya ne mutum bai san bayan gidansu ba ya haye jirgi ya tafi ɗaukar hoton ruwan gishiri. Ga Birnin Kudu nan kusa, da duwatsu masu zanen mutanen da, waɗanda Turawa ke ƙetaro teku su zo gani. Ga Gwaram da koginta. Na ce duk wanda ya shirya ya fito ranar Asabar, ni ne direba, ni ne ɗan jagora, domin na san yankin kamar yunwar cikina. Sanin da na yi wa Birnin Kudu kuwa ta tagar motar haya ne, inda nake miƙa hannu in sayi rake da dafaffen ƙwai. Sauran ilimin daga littafi ne, shi ma na karanta shi tun ina da gashi a ka.

Muka fito daga Kano cikin bazara, a tsohuwar motata 'yar Kwatano: ni, uwargida, yara, mutumin Zanzibar da wayarsa, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, haifaffen ƙasar Gwaram, wanda ya ji labarin tafiyar ya ce a rage masa hanya ya gano dangi. Na sa babbar riga da zanna da takalmi sau-ciki, domin ɗan jagora yana bukatar kwarjini.

Tun daga gadar Wudil na buɗe aji. Na yi bayanin kasuwar shanun da ke ci a garin ran Juma'a. A Kwanar Huguma na nuna musu inda hanyar Dutse ta rabu, na ce ran 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga jikin Jihar Kano. Kawu, wanda na ɗauka barci yake yi, ya ce ba tare da ya buɗe ido ba, "Ina Gwaram aka yi sanarwar, a rediyona na ji. Dubi hanya, yaro." Da muka shiga Birnin Kudu na ƙara murya. Nan ne garin kwalejin gwamnati inda Aliko Ɗangote ya yi sakandare. Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko a jihar, daga 1992 zuwa 1993, ɗan nan ne. Bamaina, garin Sule Lamido da ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015, a cikin wannan ƙaramar hukuma take. Duk wannan daidai ne, kuma da na tsaya a nan da na koma gida da mutuncina.

"Malam, ka tsaya mu yi tambaya mana," in ji uwargida.

Tambaya? A gaban mutumin Zanzibar? Na karya kan mota na bi wata burji, na nufi dutse mafi girma da idona ya hango. Birnin Kudu gari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya, wani kan wani, duk inda ka juya akwai wanda zai iya zama wanda kake nema. Na zaɓi ɗaya na ce ga Dutsen Habude. Allah da ikonsa, muna zagayawa sai ga wani jan zane a jikinsa, ya koɗe, ya yi dishi-dishi. Zuciyata ta yi fari. Na tara su a gaba, na gyara wuyan riga, na ce a yi shiru. Na nuna musu ƙahon sa, na nuna mafarauci riƙe da mashi, na ce zanen ya shekara dubu goma. Adadin a nan take ya zo mini, na ji ya dace da bakina. Har na fara bayanin irin ganyen da aka haɗa launin da shi sai wani yaro mai kiwon awaki, wanda ya jima a tsaye yana kallonmu, ya yi sallama.

"Baba, wannan ai alamar jam'iyya ce. Lokacin zaɓe aka shafa, ruwan damina ya wanke ta."

Mutumin Zanzibar bai yi dariya ba. Ya dai ce, "Yaya, ɗan maimaita wajen mashin nan, hannuna ya motsa."

Yaron nan shi ya bar wa ƙaninsa awaki ya shiga gaban mota, ya kai mu wajen ma'aikatan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, waɗanda ke da ofishi a garin saboda waɗannan duwatsu. Ɗaya daga cikinsu ya raka mu Dutsen Habude na gaskiya, wanda shi da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu suna cikin jerin wuraren tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe. A ƙarƙashin wata inuwar dutse, inda ruwa da rana ba su cika kaiwa ba, ga shanu nan an zana da ja. Sai ka ɗan jima ido ya saba kafin su fito maka, sannan ka ga ƙaho, ka ga ƙafafu, ka ga hannun wanda ya san saniya ya zauna da ita. Ina ta laluben abin da zan ce Kawu ya riga ni.

"Ikon Allah. Shanun nan ba su da tozo."

Ma'aikacin ya ce abin da masana suka fara lura da shi ke nan. Shanun da muka sani a yau, bunaji da rahaji da sauransu, masu tozo ne. Waɗanda ke jikin dutsen kuwa bayansu a shafe yake, wasu da dogon ƙaho, wasu da gajere irin na muturu, wato irin shanun da suka riga masu tozo zama a wannan ƙasa. Na gyaɗa kai na ce abin da nake shirin faɗa ke nan. Autata ta ja mini riga ta ce, "Abba, ina mai mashin?"

Wani Baturen Ingila, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna kan gumakan Nok, shi ne ya yi nazarin duwatsun Birnin Kudu ya sanar da duniya, kuma a 1956 ya fitar da rubutu a kan wani abin mamakin da ke wurin: duwatsu masu amo. Wannan ɗin na tuna da shi, saboda haka na ga damar fanshe kaina. Na ɗauki dutse na ce a saurara, na kai wa wani ɓangare duka da ƙarfina. Abin da aka ji shi ne ƙarar babban ɗan yatsana da salatin da na yi. Yaron ya karɓi dutsen a hannuna, ya nuna wasu gurabe da suka lotsa suka yi santsi saboda dukan da suka sha tun kaka da kakanni, ya ɗan taɓa. Sai amon ƙarfe ya tashi daga cikin dutse. Ya matsa gurbi na gaba, murya ta canja, ya haɗa biyu ya fitar da kiɗa, yara suka hau rawa. Ko mutumin Zanzibar sai da ya sauke waya ya saurara da kunnensa. A ganina duk makarantar da ke iya kai ɗalibai gidan zu a Kano tana iya kawo su nan, kuma za su koma da abin da ya fi hoton jimina.

Saukowa ce ta zo da gardama. Takalmi sau-ciki da santsin dutse ba sa ga maciji, don haka rabin gangaren a zaune na yi shi, da saurin da ban nema ba. Na ji wani "ɓarrr" a bayana. Ranar na san amfanin babbar riga, na kuma yi wa wanda ya ƙirƙiro ta addu'a.

Mai hankali daga nan gida zai juya. Amma akwai Kawu da za a sauke, kuma akwai maganar tsibiri da ba a biya ba. Muka nufi Gwaram, ƙasar da ke iyaka da Jihar Bauchi, Kawu na ta nuna gonakin da ya yi wa noma yana saurayi, yana lissafa garuruwan yankin, su Sara da Basirka da Fagam da Farin Dutse, da wanda ya aura daga ina da wanda ya rasu. Ni ma na tsoma baki na ce ruwan kogin Gwaram daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya bi ta Jama'are ya haɗu da na Haɗeja, ya nufi Tafkin Chadi. Mutumin Zanzibar ya ce, "Wato shi ma bai taɓa ganin teku ba, kamar Yaya."

Da damina kogin nan ba abin wasa ba ne. Da bazara kuwa yashi ne shimfiɗe, ruwa na bin gefe-gefe siriri. Muna isa bakinsa kusa da ƙauyen su Kawu na hango wani tudu a tsakiya, ruwa ya ratsa ta nan ya ratsa ta can, an yi lambun albasa da tumatir a kai, injin ban-ruwa na ta tari. Na taka burki na ce, "To, ga tsibiri." Kuma tunda a Zanzibar da mota aka zagaya, mu ma da mota za mu zagaya. Ga ma sawun taya nan ya gangara.

"Sawun amalanke ne," in ji Kawu. "Yashi ba kwalta ba ne, ɗan nan."

Na ce Kawu zamani ya canja, sirrin yashi shi ne giya ta biyu da totur. Na faɗa. Farkon shigarmu har na fara waiwaye in ga fuskokinsu, sai mota ta yi nishi ta tsaya. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Na sa kowa ya fita ya tura, na sake taka totur, taya ta kwashi jiƙaƙƙen yashi ta watsa wa uwargida a leshinta na fita unguwa. Ba ta ce komai ba. Masu aure sun san wannan shirun.

Kafin a jima masu lambu sun taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a sace iskar taya, wani ya ce a sa kara a ƙarƙashi, wani ya kawo shebur, wani kuma ya zo ne kawai ya zauna. Warin kuloci ya cika wurin. Can sai ga wani dattijo da amalanke, bijimai biyu farare a karkiya, kowanne da tozo ya yi rabin buhu. Ya dubi mota, ya dube ni daga zanna har sau-ciki.

"Alhaji, daga Kano?"

Na ce yaya aka yi ya sani. Ya ce mutanen nan ba sa shiga da mota.

Muka yi ciniki, ko in ce ya faɗi kuɗi na amsa, domin wanda motarsa ke cikin yashi ba ya neman ragi. Ya miƙo igiya zai ɗaura, na ce ya bari, motata ce, na san inda ake kamawa. Na ɗaura a jikin bamba. Ya daka wa bijimai tsawa suka yunƙura, suka tafi da bamba cikin nutsuwa, mota na nan inda take. Masu lambu suka ce "Sannu, Alhaji" baki ɗaya. Dattijon ya dawo da shanunsa, ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin mota ya samo ƙugiyar da masu ƙera ta suka tanada domin irin wannan rana, wadda ban taɓa sanin tana nan ba. Ja ɗaya suka fito da ita. Tsibirin kuwa an zagaya shi, amma a kan amalanke, yara na ihu, mutumin Zanzibar a tsaye a baya yana ɗaukar hoto, ni ina bakin ganga ina gadin bamba.

Kuloci ya ƙone, magariba ta yi, dole muka kwana. Dangin Kawu suka karɓe mu da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, aka kawo fura da nono, aka ba ni aron wando ba tare da an tambayi dalili ba, abin da ya nuna mini labari ya riga ni shiga gida. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Kawu ya ba da labarin tafiyar tun daga gadar Wudil, da muryata, da yadda nake ɗaga hannu. Ashe duk barcin nan na ƙarya ne. Da safe aka ɗauko bakanike a babur daga cikin Gwaram, ya duba ya ce, "Wa ya tuƙa?" Aka nuna ni. Ya ce, "Allah Ya kyauta."

Kafin mu iso Wudil hoton bidiyon ya gama zagaya zauren WhatsApp na dangi, har da na wajen matata. Yanzu ko suna na je, sai wani ya matso ya tambaye ni a hankali ko shekara nawa fentin bangon gidan ya yi.

Wanda ke son zuwa, Birnin Kudu tafiyar safiya ce daga Kano, ya je ya dawo a yini. Ya nemi ma'aikatan hukumar tarihi su raka shi Habude da Mesa, ya sa takalmin roba, ya tafi da ruwan sha. Motar kuma tana kasuwa ga mai bukata: kuloci sabo ne, bamba ma sabuwa ce.