Likitar baki

In dai nasiha ce, a Toranke babu mai shan gabana. Ɗan yayata shekararsa 7, har yau bai zauna da kansa ba, bai ce "inna" ba. Idonsa ya yi ɗorawa tun kafin suna, aka yi ta shanya shi a hantsi, kafin a kai shi asibiti a sa shi ƙarƙashin fitila ciwon ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan bayani na haddace shi tsaf, kuma duk tsohuwar da ta kuskura ta ce ɗan ruwa ne sai ta sha lacca. Har dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, na karanto wa Yaya daga waya tana durƙushe tana wankin zannuwan da ya ɓata. Ta ce, "Madalla. Miƙo min omo."

Goyo ne dai Allah bai hore mini ba. Ranar gashin ƙashi da asuba take fita, babur zuwa Gaya, mota ta Wudil zuwa Kano, yaro a baya jikinsa a sandare, ƙafafunsa na dukan bayan gwiwarta. A irin ranar kaina ke sarawa. Ikon Allah, sai la'asar yake sakina, daidai lokacin zuwa jin abin da likita ya ce, in ƙara nawa a kai.

Kunu ma da cokali take ɗura masa, kaɗan-kaɗan don kada ya ƙware, nata tuwon na gefe yana sandarewa. Cikin dare ta tashi ta juya shi. Mai shigowa kuwa "ya jikin yaro?" zai ce, ni ma haka, ita ba a tambayar nata. Farasitamol take saya a kyamis saboda ƙugu, har ranar da jiri ya kwashe ta a bakin murhu, aka auna jininta aka ga ya wuce 140 bisa 90 nesa ba kusa ba.

Nan fa harka ta zo gidana. Na gyara mayafi na ce, "Yaya, ki rage gishiri, ki rage tunani, ki riƙa barcin awa 8."

Ta dube ni ta ce, "To ƙanwata, yau ki kwana da shi."

Na ce wallahi da na so, sai dai takardun jarrabawar ɗalibai na jirana. Ana tsakiyar dogon hutu.