Taya Mai Filafili da Halin Masu Sayenta

A kudu maso gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Meziko, akwai tuddan yashi da ake kira Glamis, masu tsawon wajen mil 40. Da zarar zafi ya lafa a watan Oktoba, sai dubban mutane su kwaso baburansu masu ƙafa huɗu su nufi can. Tayar baya da suke ɗaurawa jikinta sumul yake, sai filafilai na roba da suka gitta ta, irin na tuƙin kwalekwale, kowane juyi su kamfaci yashi su watsa baya. A gefenta akan rubuta lambobi kamar 20x10-10, wato tsayinta inci 20, faɗinta inci 10, rim ɗinta inci 10, filafilan kuma galibi daga 6 zuwa 10. Abubuwa huɗu ke yanke hukuncin wadda ta dace: ƙarfin inji, nauyin mahayi, irin yashin, da irin hawan da za a yi. Lissafin bai kai na 'yan firamare wuya ba. Matsalar ita ce mutane ƙalilan ne ke zuwa kanti da wannan lissafi. Mafi yawa da halinsu suke zuwa, kuma shi suke saya wa taya.

Na farko shi ne Alhaji Babba-Ya-Fi. A wurinsa duk abin da ya fi girma ya fi daraja, don haka ƙaramin injinsa mai cc 400, wanda ko kusa ba a taɓa ba tun daga kamfani, sai ya ɗaura masa taya mai inci 22 da filafilai 10. A filin ajiye motoci babu wanda ya kai shi kwarjini. A gindin tudu kuwa labari ke canzawa. Kowane filafili lodin yashi ne da inji zai ɗaga, doguwar taya kuma kamar tashi ne da babbar giya. Sai ka ji injin yana gurnani yana shaƙewa, a tsakiyar tudu ya mutu, Alhaji ya sauko da baya yana murmushin dole. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, kuma wai jakin ne ya ba da kunya.

Maƙwabcinsa Ɗan Kwaikwayo ne. Ya je Oldsmobile Hill, tudun da ake tseren hawa a Glamis, ya ga wani da babur ƙirar Yamaha Banshee yana harbawa sama kamar kibiya, ya duƙa ya karanta tayarsa: Skat-Trak Hauler mai miƙaƙƙun filafilai. Washegari ya sayo irinta. Abin da bai duƙa ya gani ba shi ne an buɗe cikin wancan inji an ƙara masa ƙarfi, an kuma tsawaita ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya don kada gaba ya ɗaga. Miƙaƙƙen filafili na mai tafiya ce sambal, kamar wanda aka aika. Shi kuwa Ɗan Kwaikwayo yawo yake so, yana karkacewa a cikin kwaruruka, aikin da ya fi dacewa da filafili mai siffar V irin na ITP Sand Star, wanda ke barin bayan babur ya zame. Yanzu ga shi nan yana murɗa kai hagu, babur yana cewa gaba dai gaba dai.

Sai Malam Lissafi, wanda shi ne ya fi kusa da gaskiya, shi ne kuma ya fi nisa da yashi. Ya san tashi daga inci 20 zuwa 22 na ƙara nisan kowane juyi da kashi 10 cikin 100, kuma ana rama hakan da rage haƙori ɗaya a ƙaramin faifan da sarƙa ke hawa. Ya san ƙaramin rim mai inci 8 yakan bar wa roba gefe mai yalwa, ta baje a kan yashi kamar tafin raƙumi. Yana yawo da gejin iska a aljihu, yana auna tayoyin mutanen da ba su tambaye shi ba. Tun hantsi yake wa'azi a inuwar tirela, har rana ta faɗi baburinsa bai yi ƙura ba, domin yana jiran ya tabbatar ko filafilai 7 suka fi 8.

Marowaci kuwa cewa yake taya taya ce. Zai sassauta iskar tayar daji mai gurzaje, ya shiga, ta haƙa masa rami har babur ya zauna a kan cikinsa, sannan ya ƙwala wa masu filafili kira su zo da igiya. Ranar da ya daure ya sayo ta hannu, sai ƙyashin cire ta ya kama shi, ya bi da ita kan tsakuwa da busasshiyar ƙasa, filafilan su yi ta yagewa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ya hana kanti sau ɗaya, ya kai shi sau biyu.

Akwai kuma Baba A-Zamaninmu, wanda ya fara hawa tun ana yayin masu ƙafa uku, kafin a daina sayar da sababbinsu a Amurka a 1988. Amsarsa guda ce ga kowa: abin da ya saba. Busasshen yashin Glamis mai laushi da yashin gaɓar tekun Oregon, wanda ruwan sama ke daddaƙewa, duk ɗaya ne a idonsa, alhali daddaƙaƙƙen yashi ya fi riƙe filafili, ya fi kuma wahalar da inji. Kusa da shi Gwano yake zaune. Shi duk shekara sai ya canza taya, wai ta bara ta daina ja. Bai taɓa hawa sikeli ba, balle ya gane cewa ƙarin lodin a ƙarƙashin rigarsa yake.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma kuɗinsu ne, kowa ya sayi abin da ransa ke so. Da a kan shimfiɗaɗɗen fili ake wasan, da maganar ta zauna. Amma bayan tudun yashi gangara ce mai kaifi, wajen digiri 30 ko fiye, kuma babur da ya mutu dab da ƙoli yana iya birkicewa da mai shi. Ba don ado ba ne aka wajabta wa kowa a Glamis ɗaura 'yar tuta ja ko ruwan lemo a kan sanda mai kai ƙafa 8 daga ƙasa. Wani kuma zai ce, to ashe ƙaranta filafilai shi ne rigakafi. Wannan ma bai fita ba: ka ba babur mai ƙarfi irin Raptor 700 filafilai kaɗan, taya za ta yi ta juyi a banza, ana feshin yashi ba a ci gaba, ga ƙara ga ƙura, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Mai hankalin cikinsu ba shi da laƙabi, domin ba wanda ke lura da shi. Ya faɗa wa mai kanti gaskiyar injinsa, da gaskiyar nauyinsa, wadda ta fi wuyar faɗa, ya karɓi matsakaiciyar taya, inci 20 ko 21 mai filafilai 8, ya rage mata iska ya tafi. Yashi ba ya karanta lambar da ke gefen taya, ba ya kuma tambayar nawa aka saye ta. Da yamma, lokacin da Marowaci ke neman igiya, Malam yana kan lissafi, Gwano yana zagin roba, ƙaramar tutar da ake hangowa tana kaɗawa a ƙolin tudu tasa ce.