Masu Jiran Ilhama, Sannunku da Zama

To, masu jiran ilhama, na ji ƙorafinku. Kun ce rubutu baiwa ce, ba a kafa masa agogo, kuma zancen "kalma kaza a rana" bidi'ar Turawa ce. Madalla. Amma Malam, ina littafin nan da ka ce zai fito bayan ƙaramar Sallah? An yi ƙarama, an yi babba, soyen layya ma ya ƙare a tukunya, mu dai har yanzu sunan littafin kawai muka sani.

Tunda kun fi yarda da na gida, mu je Zariya. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Gasa kuwa da ranar rufewa take zuwa. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu, ya aika da Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Balewa, shi ma malamin makaranta a Bauci, ya aika da Shaihu Umar. Duk suna da aji da ɗalibai, ba wanda ya ba su hutu don su jira wani abu ya sauko musu. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, cikin wata shida ya haɗa Magana Jari Ce, littafi uku. Wata shida fa, ranka ya daɗe, kuma babu kwamfuta. Daga 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda maɗaba'a ba ta san uzurin "yau kaina bai kawo wuta ba".

Na ga wani yana murmushi, wai ai Imam daban ne. Ƙwarai kuwa, daban ne. Sai dai in mai wannan baiwar ya yi aiki da wa'adi, ni da kai mene ne hujjarmu?

Bari in ba ku ɗan abin kare kai, kada a ce na cika son zuciya. Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya a Ingila, yakan zauna tun biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, kalma 250 kowane minti goma sha biyar, kafin ya tafi ofis. Da tarihin rayuwarsa ya fito a 1883 aka ga wannan sirri, masu sharhi suka yi ta yatsine, wai ya mai da adabi aikin leburanci. Kun ga kuna da 'yan uwa a Landan. Shi dai ya bar ƙagaggun littattafai 47, kuma har gobe ana bugawa.

Batun bidi'ar Turawa kuwa shi ya fi ba ni dariya. Kai da kake sauke Alƙur'ani a watan azumi, yaya kake yi? Izu biyu kullum, kwana talatin, izu sittin. Ban taɓa jin ka ce sai ranar da ka ji shauƙi za ka karanta izu ashirin a zama ɗaya ba.

Inda na yarda da ku shi ne masu rubuta "bana littafi biyar" a farkon shekara. Wannan buri ne, kafin Fabrairu ya sheƙa barzahu. Yanka abin da za ka iya ko ranar da aka ɗauke wuta: kalma 300, a lokaci ɗaya sananne, bayan asuba ko bayan isha'i. Kwana biyar ka haɗa 1,500, tsawon labarin da ake nema a gasar Hikayata ta BBC Hausa. Kwana ɗari, 30,000. Kada ka tsaya gyara, gyara ranarsa daban.

Hajiya, na ji ki, girki da yara. Uzurinki ya fi na Malam ƙarfi, ki rage zuwa 150 ba laifi. Amma ki tuna Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta zo ta ba mu Alhaki Kwikwiyo Ne.

Shi kuma Malam da ke rantsuwa 300 ta yi masa yawa, ya buɗe WhatsApp ya ƙirga mana abin da ya rubuta daren jiya yana musu a kan Arsenal.